Mita 49 Ko Kilohaz 6090? Yadda Rediyon Kakana Ya Mayar Da Ni Aji

Kakana, wanda duk gidanmu da ke Samaru muke kira Baba Tsoho, ya fi shekara 30 yana kwana yana tashi da akwatin rediyo guda. Baƙi ne, mai rigar fata da ta sha faci, mai cin manyan batura huɗu. Tun da idanunsa suka yi rauni ya daina karanta jarida, wannan akwati ya zama idonsa a kan duniya. Da shi yake karya kumallo, da shi yake zuwa majalisarsu ta ƙofar gida bayan La'asar, inda abokansa suka saba jiran ya zo ya warware musu abin da ake ciki a Abuja da Yamai da Gabas ta Tsakiya.

A farkon damunar bana aka manta rediyon a bakin taga, ruwa ya yi masa dukan tsiya, ya yi shiru. Kawuna da ke aiki a Kaduna ya aiko da sabo, ɗan ƙarami mai caji, da tocila a gefe, da gurbin saka memori. Babu allura, babu gilashi mai jerin lambobi, sai wani ɗan allo da maɓallai. Baba Tsoho ya juya shi gaba da baya, ya ce wannan ai kalkuleta ce aka aiko masa.

Rana ta uku ya ƙwala mini kira. "Amarya, zo nan. Ku da kuke jami'a kuna cinye mana kuɗi, nemo mini mita 49."

Na karɓa da ƙarfin gwiwa, na danna 4, na danna 9. Allon ya ƙi karɓa. Na canza zango, sai ga 87.5, na sake canzawa sai ga wasu lambobi na dubbai da ɗan rubutun kHz a gefensu. Babu inda aka rubuta mita. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shekara biyu kina karatun kimiyya, mita 49 ta gagare ki? To na sake ki, saki ɗaya." Yaran gida suka fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma abin ya tsaya mini a rai, domin kwana uku ke nan ba ya fita majalisa. Ya ce ba shi da abin da zai kai musu.

Abin kunyar shi ne, amsar tana cikin littafin Fiziks ɗina tun ina aji biyar na sakandare. Na haddace ta, na rubuta ta a jarrabawa, amma ban taɓa tunanin tana da alaƙa da rediyon da ke kusa da buzun kakana ba.

Suna biyu, abu ɗaya

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin dam ɗin Kubanni da ke bayan Jami'ar Ahmadu Bello ya jefa dutse, ya ga yadda ruwa ke yin igiya-igiya yana tafiya zuwa gaɓa. Akwai hanya biyu ta siffanta wannan igiya. Kana iya auna tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayanta. Wannan shi ne tsawon zango, ana auna shi da mita, kuma a littafi ana rubuta shi da harafin Girkanci λ, wato lamda. Ko kuma ka kafa sanda a cikin ruwan, ka ƙirga igiya nawa ce ke dukan sandar a cikin sakan ɗaya. Wannan shi ne yawan bugu, abin da a aji muke kira firikwensi, ana rubuta shi da harafin f. Ma'auninsa shi ne haz. Bugu ɗaya a sakan ɗaya, haz ɗaya ke nan.

Saƙon rediyo ma igiya ce, sai dai ba ta ruwa ba, ta lantarki da maganaɗisu ce, ido ba ya ganin ta. Masanin nan ɗan ƙasar Sikotilan, James Clerk Maxwell, shi ya fara nuna da lissafi a shekarun 1860 cewa irin wannan igiya tana nan, kuma tana gudu daidai da gudun haske. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya tabbatar da hakan a ɗakin gwaji a tsakanin 1887 da 1888. Don girmama shi aka sa wa ma'aunin sunansa, kuma a 1960 aka shigar da shi cikin tsarin ma'aunan da duniya ta amince da su. Shi ya sa idan ka samu rediyon da ya girmi wannan lokaci, za ka ga an rubuta kc ko Mc a maimakon kHz da MHz.

To mece ce alaƙar tsawon zango da yawan bugu? Ka ɗauka uba da ɗansa ƙarami sun taso daga babbar ƙofar jami'a za su kasuwar Samaru, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai wuce wani. Uban takunsa dogo ne, don haka ba ya bukatar ɗaga ƙafa da yawa. Yaron takunsa gajere ne, dole ya riƙa sauri-sauri yana ɗaga ƙafa sau biyu ko uku kafin uban ya ɗaga sau ɗaya. Gudunsu ɗaya ne, amma mai dogon taku yana da ƙarancin bugu, mai gajeren taku yana da yawan bugu. Idan ka ninka tsawon taku da yawan takun da aka yi a sakan ɗaya, abin da ya fito shi ne gudun tafiyar.

Haka abin yake ga igiyar rediyo. Dukkansu gudunsu ɗaya ne a sarari, wato mita 299,792,458 a sakan guda, gudun da zai iya zagaye duniya sau bakwai da rabi kafin ka ce kwabo. A jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ana taƙaita shi zuwa mita miliyan 300, ana rubuta 3 × 10⁸, ana kiran sa c. Dokar ita ce:

c = f × λ

Tunda c ba ya canzawa, idan f ya hau dole λ ya sauka, idan λ ya hau dole f ya sauka. Ke nan wanda ya ce mita 49 da wanda ya ce kilohaz dubu shida da ɗoriya, tasha ɗaya suke nufi. Ɗaya ya auna tsawon takun, ɗaya ya ƙirga yawansa.

Dabarar 300

Wahalar da ɗalibai ke sha ba a dokar take ba, a sifilai take. Kilohaz ɗaya haz dubu ne. Megahaz ɗaya haz miliyan ne. Gigahaz ɗaya haz biliyan ne. Da zarar mutum ya fara jera sifilai a takarda, sai ɗaya ya ɓace ko ɗaya ya ƙaru. Masu sana'ar rediyo sun daɗe da samo mafita. Tunda miliyan 300 ake rabawa da megahaz, shi kuma megahaz miliyan ne, sai miliyan ta cinye miliyan, a bar 300 kawai. Ga yadda abin ke kasancewa:

Tsawon zango a mita = 300 ÷ megahaz

Tsawon zango a mita = 300,000 ÷ kilohaz

Tsawon zango a santimita = 30 ÷ gigahaz

Daɗin abin shi ne, dabarar tana aiki gaba da baya. Idan mita kake da ita kana neman megahaz, 300 ɗin dai za ka raba da mitar.

Da na tuna da wannan a daren, sai na ɗauki biro. Mita 49 Baba Tsoho yake nema. 300,000 a raba da 49 ya ba ni 6,122. Ashe lambobin dubban nan da na gani a allo su ne gidan. A shekarun baya, Rediyon Najeriya Kaduna ta daɗe tana watsa shirye-shiryenta na Hausa a gajeren zango a kan kilohaz 6090. Idan ka raba 300,000 da 6090 za ka samu mita 49 da ɗigo 26. Ga mita 49 ɗin da tsofaffinmu suka haddace.

Sai dai a lura da wani abu. A gajeren zango, idan aka ce mita 49, ba gida ɗaya ake nufi ba, unguwa ce sukutum mai gidaje da yawa. Unguwar mita 49 ta kama daga wajen kilohaz 5,900 zuwa 6,200. Ta mita 41 tana tsakanin 7,200 da 7,450. Ta mita 31 tana tsakanin 9,400 da 9,900. Ta mita 25 tana tsakanin 11,600 da 12,100. Ta mita 19 tana tsakanin 15,100 da 15,800, ita kuma ta mita 16 tana tsakanin 17,480 da 17,900. Sunayen kimantawa ne kawai. Misali 300 a raba da megahaz 17.7 zai ba ka mita 16.9, wanda ya fi kusa da 17, amma dai mita 16 ake ce wa unguwar. Ke nan lissafi zai kai ka bakin layi, daga nan sai ka bi gida-gida da kunnenka.

A shagon mai gyara a Sabon Gari

Duk da haka Baba Tsoho ya ce shi dai tsohon rediyonsa yake so. Ranar Asabar na nannaɗe shi a leda, na shiga bas daga Samaru, muka wuce Palladan da Kwangila, na sauka Sabon Gari. A wani lungu kusa da kasuwa aka nuna mini wani dattijo mai gyaran rediyo, shagonsa cike da gawarwakin akwatuna har rufi, ga ƙaurin dalma na tashi.

Na gaishe shi na ce, "Baba, rediyon kakana ne ruwa ya daka." Ya kwance shi, ya busa, ya duba, ya ce zai tashi amma sai an ba shi mako guda. Kafin ya rufe, sai ya ɗago gilashin gaban ya ce, "'Yata, ke da kike makaranta, kin taɓa lura da wannan?" Layi biyu ne na lambobi, ɗaya a kan ɗaya. Na sama an rubuta masa m, na ƙasa an rubuta masa MHz. A layin ƙasa lambobin suna hawa ne daga hagu zuwa dama: 6, 7, 9, 12, 15, 18. A layin sama kuwa sauka suke yi: 49, 41, 31, 25, 19, 16. Na tsaya ina kallo. Dokar da na haddace ce zane a kan gilashi, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kuma shekara da shekaru tana gaban idona a ɗakin kakana.

Muna cikin magana wani yaro ya kawo rediyo mai karyayyar eriya. Dattijon ya jawo waya, ya ɗora bakinta a kafaɗarsa, ya miƙa hannu, ya yanke daidai kan yatsunsa. Na tambaye shi dalilin wannan awo. Ya ce haka maigidansa ya koya masa, tsawon hannu guda shi ke kama FM da kyau, in ta gaza haka sai shuuu ta yi yawa.

A cikin bas na yi lissafin. Eriya ta sanda ta fi kama saƙo idan tsawonta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zangon da ake nema. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Ɗauki tsakiya, wato 100. 300 a raba da 100 ya ba da mita 3. Rubu'in mita 3 shi ne santimita 75. Tsawon hannun babban mutum daga kafaɗa zuwa yatsu kusan haka yake. Dattijon bai taɓa jin sunan lamda ba, amma hannunsa ya san ta.

"A kan mita 101.1": kuskuren da ya zama jiki

Daga nan kunnena ya buɗe ga wani abu da nake ji kullum ban taɓa kula ba. Masu gabatar da shirye-shirye a tashoshin FM sukan ce "kuna sauraren mu a kan mita kaza da ɗigo kaza". A bakin mutanen Samaru ma haka ne, tashar jami'a ta ABU FM tana "mita 101.1", ita kuma Queen FM ta Zariya tana "mita 94.1". A ilimin Fiziks waɗannan lambobi ba mita ba ne, megahaz ne. Ainihin tsawon zangon ABU FM shi ne 300 a raba da 101.1, wato mita 2.97. Na Queen FM kuma mita 3.19. Da a ce da gaske tasha tana kan mita 101.1, da yawan bugunta megahaz 2.97 ne, can ƙasa da gajeren zangon da tsofaffi ke saurare, kuma babu rediyon FM da zai kamo ta.

Ba laifin kowa ba ne, tarihi ne. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin nan Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, daga baya na Muryar Jamus ya biyo a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Duk waɗannan sun shiga kunnen Bahaushe ne ta gajeren zango da matsakaicin zango, a lokacin da ake sanar da tasha da mita. Sai kalmar ta zauna da ma'anar "wurin da ake kama tasha". Da FM ta zo da megahaz ɗinta, ta tarar mita ta riga ta shimfiɗa tabarma. A hira babu matsala. Amma ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa da wannan fahimta, ya ga 101.1 ya rubuta ta a gurbin λ, ya yi asarar makinsa.

Me ya sa ya dame mu?

Wani zai ce, to in an san tsawon zango sai me? Amsar ita ce, tsawon zango shi ke faɗa maka halin igiya: ina za ta iya kaiwa, me zai tare ta, kuma wace irin eriya take bukata.

Ɗauki matsakaicin zango. Rediyon Nagarta ta Kaduna tana kan kilohaz 747, wato mita 402 in an kimanta. Kilohaz 594 da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da shi ya kama mita 505. Igiya mai irin wannan tsawo tana bin doron ƙasa, tana lanƙwasawa ta tsallake tudu da gini, shi ya sa take isa ƙauyuka masu nisa. Wannan ne ya sa cibiyoyi irin su NAERLS ta nan Samaru, mai aikin faɗakar da manoma, suka daɗe suna dogaro da rediyo wajen kai saƙo karkara. Amma rubu'in mita 505 ya haura mita 126, don haka turakun watsa irin wannan zango suke da tsawo sosai. A rediyon hannu kuwa ba za a iya saka eriya mai wannan tsawo ba, sai aka sa wani ɗan baƙin sanda da aka naɗe da waya a cikin akwatin. Shi ya sa idan kana sauraren matsakaicin zango, jawo eriyar waje ba ta ƙara komai, sai dai ka juya akwatin kansa har muryar ta fito.

Gajeren zango kuma halinsa daban. Yana tashi sama ya daki wani rufi na iska mai ɗauke da cajin lantarki da ke can ƙololuwar samaniya, ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Hasken rana ne ke sarrafa wannan rufi. Da rana, ƙasan rufin yana shanye igiyoyi masu tsawo irin su mita 49 da 41, sai masu gajarta irin su mita 19 da 16 su fi tafiya nesa. Da dare abin ya juya. Wannan ne sirrin da ya sa tashoshin ƙetare ke sanar da mitoci daban na shirin safe, daban na rana, daban na dare. Baba Tsoho ya san haka tun kafin a haifi mahaifiyata, dalilin ne kawai bai sani ba.

FM mai mita uku ba ta bin ƙasa sosai, ba ta kuma dawowa daga sama. Kusan miƙe take tafiya, iyakarta inda turakunta ke hange. Shi ya sa kana barin Zariya a mota, tun ba ka yi nisa can ba, tashar da kake ji za ta fara shaƙewa. Jiragen koyo na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Zariya, waɗanda muke gani suna shawagi a kanmu, maƙwabtan FM ne a wannan fanni. Matuƙa jirgi suna magana da hasumiya a tsakanin megahaz 118 da 137, kuma layin neman agajin gaggawa na duniya shi ne 121.5, wato mita 2.47.

Wayar da ke hannunka ma rediyo ce. Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, a kan megahaz 900 da 1800 aka fara. Na farko santimita 33 ne, na biyu kusan santimita 17. A Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin 5G. 30 a raba da 3.5 ya ba da santimita 8.6. Gajartar zango ce ta sa eriyar waya take iya ɓuya a cikin jikinta ba a gani. Amma kowane allazi da nasa amanu: gajeren zango ba ya ratsa katanga kamar dogo, ba ya kuma nisa kamarsa, don haka yana bukatar turaku kusa da kusa.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo ma abin ya shafe su. Ƙananan faifan tauraron ɗan'adam da ke kan rufin gidaje suna karɓar saƙo a wajen gigahaz 11 zuwa 12, tsawon zango kamar santimita biyu da rabi. Igiya mai wannan ƙanƙanta, ɗigon ruwan sama mai ƙarfi yana shanye ta yana tarwatsa ta. Shi ya sa da hadari ya haɗo a watan Agusta hoto ke daskarewa ana tsakiyar wasa, alhali rediyon mai shayi da ke ƙofar gidan kallon yana ta magana abinsa, domin igiya mai mita 400 ba ta ma san ana ruwa ba.

Ramuka huɗu a ɗakin jarrabawa

Na farko, mantawa da kilo da mega. Ni kaina na faɗa wannan rami a jarrabawar gwaji ta ajin ƙarshe a sakandare. An ba mu megahaz 100, na raba miliyan 300 da 100 kai tsaye, na samu mita miliyan uku, na ja layi biyu a ƙasa ina murna. Mita miliyan uku kilomita 3,000 ne, ya zarce nisan Legas zuwa Maiduguri nesa ba kusa ba. Amsar gaskiya mita 3 ce. Ka riƙa tambayar kanka ko amsar da ka samu ta yi kama da hankali. FM mita biyu zuwa uku da ɗoriya ce, matsakaicin zango ɗaruruwan mita ne, waya kuma santimita ce.

Na biyu, haɗa ma'auni biyu a lissafi ɗaya. Idan za ka yi amfani da 3 × 10⁸, to dole f ya kasance a haz, λ kuma a mita. Idan an ba ka santimita, raba da 100 tukuna. Idan tambayar ta haske ce za a ba ka nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700. Jan haske mai nanomita 700 shi ne mita 7 × 10⁻⁷, kuma idan ka raba 3 × 10⁸ da shi za ka samu haz 4.3 × 10¹⁴.

Na uku, amfani da dabarar 300 a kan sauti. Sauti ba ɗan gidan haske ba ne. Gudunsa a iska kamar mita 340 ne a sakan, shi ya sa kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa. Sauti mai haz 170 tsawon zangonsa 340 a raba da 170 ne, wato mita 2. Dokar ɗaya ce, gudu daidai yake da f sau λ, amma sai ka saka gudun da ya dace.

Na huɗu, idan haske ya shiga ruwa ko gilashi, gudunsa yana raguwa. A gilashi yakan sauka zuwa wajen mita miliyan 200 a sakan. Abin da ke canzawa shi ne tsawon zango, yawan bugu kuwa yana nan yadda ya fito daga tushensa. Masu tsara tambaya suna son wannan tarko ƙwarai.

An mayar da aure

Kafin mako ya cika, na yanki kwali na rubuta wa Baba Tsoho da manyan baƙaƙe: 49 a gefe guda, 5900 zuwa 6200 a ɗaya gefen, haka har zuwa mita 16. Na manna a bayan sabon rediyon. Washegari bayan sallar Asuba muka zauna a kan tabarmarsa, na sa zangon SW, na fara daga 7200 ina hawa a hankali da biyar-biyar. Shuuu, sai wani harshe da ba mu sani ba, sai shuuu, can sai ga muryar Hausa tangaran tana karanto labaran duniya. Ya ɗaga hannu ya ce kada in ƙara taɓawa. Na adana masa tashar a maɓalli na ɗaya.

Da La'asar na hango shi ya nufi majalisa da kalkuletarsa a hannu. Da ya dawo ya ce, "Amarya, na mayar da ke. Amma sadakin sai an karɓo mini tsohon daga Sabon Gari." Yanzu duka biyun suna nan a gefen buzunsa. Tsohon na dare ne, sabon na safe, wai don shi ba ya cin batir.

Gwada kanka

1. Freedom Radio ta Kano tana kan megahaz 99.5. Nawa ne tsawon zangonta a mita?

2. Wani dattijo ya ce ka kamo masa mita 31. Wajen kilohaz nawa za ka fara nema?

3. Wi-Fi yana aiki a kan gigahaz 2.4. Santimita nawa ne tsawon zangonsa?

4. Ganga ta fitar da sauti mai haz 85. Idan gudun sauti mita 340 ne a sakan, nawa ne tsawon zangon?

Amsoshi: ta farko mita 3.02, ta biyu wajen kilohaz 9,677, ta uku santimita 12.5, ta huɗu mita 4. Wanda ya samu miliyoyin mita a tambaya ta huɗu, ya koma ya sake karanta rami na uku.